Kyamarar Baba Sulemana

"Wannan ya fi zum, amma wancan ya fi ido," in ji Nurudeen, ya jera kyamarori biyu a kan buzun Baba Sulemana.

Ina bakin ƙofata ina wanke waken ƙosai, kunnena kuwa yana wajensu. Baba Sulemana shi ne mai gidan da nake zaune a unguwar Maamobi, tsohon ɗan goro da bai taɓa ɗaukar hoton ko akuya ba. Nurudeen maƙwabcinmu ne, yana sayar da wayoyi da tsofaffin kyamarori a kasuwar Sakul, bakinsa kuma ya fi kayansa kyau.

"Ido kamar yaya?" tsohon ya tambaya.

"Sansa, Baba. Abin da ke kama haske a ciki. Ka sa kofi da baho a ruwan sama, wanne zai fi tara? Mai zum ɗin nan, daga nan za ka jawo hasumiyan masallaci, amma sansan shi ɗan mitsitsi ne kraa. Ka shiga ɗaki da shi, fuskan mutum ya dame kamar koko. Wancan ba shi zum, sai ka taka da ƙafanka. Batirin shi ba ya jimawa, ga tsada paa. Amma ya na gani cikin duhu, ba filashi, ba ƙara."

"Wayan da ɗana Abdulaziz ya aiko min daga Itali fa?"

"Waya ya na yi ma mutum kwalliya ne. Ya goge tsagen fuska, mutum ya fito kamar ba shi ba."

Baba Sulemana ya ɗauki marar zum ɗin, ya juya ta, ya gwada ta a aljihun jallabiyarsa. Ta shige tsaf.

Nan na tsayar da wankin wake. Me tsoho mai ciwon ƙafa, wanda ya rame har hularsa ta yi masa yawa, zai yi da abin da ke gani a duhu, ba ƙara, ya ɓuya a aljihu? Gidan da ke bayanmu haka aka fara. Wani mai takalmi sau ciki ya zo ya ɗauki hoton kowane ɗaki, kafin damina ta dawo an sayar, yanzu bene ne da shaguna. Mu kuwa ba mai takarda a gidan nan. Da mijina ya zo daga Bawku, Baba Sulemana ya nuna masa ɗakin ƙarshen lungu ya ce, "Ka zauna." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Mijin ya rasu, ni na ci gaba da zama a kan maganar nan guda. In aka tashe ni, ban san inda zan aza kaskon ƙosaina ba.

Washegari ya fara. Yana dogara bango, ɗaki bayan ɗaki, ya ce wa mutum ya tsaya a ƙofarsa. Lungunmu ko da tsakar rana sai ka lalubi takalminka, amma hotunan suna fitowa fes, har zaren ɗinkin hula. Mutanen gida kuwa sai murna, kamar an ce musu za a kai su Makka. Tela ya sa babbar riga. Matar direba ta ɗaura ɗankwalin Sallah.

Na ce musu, "Ku yi ta washe baki. Ɗakunanku yake ɗauka, ku tsayuwa kawai kuka yi."

Da ya iso ƙofata, na riga na tare ta da baho.

"Ruhaina, tsaya nan in ɗauke ki."

"Na mene ne, Baba?"

"Yara su san mutanen gida."

"Wane yara? Masu son shago?"

Ya dube ni kawai. Shi mutum ne da ba ya bayanin kansa, ko ƙanƙani. A cinikin goro ma aka ce hannu yake ɗagawa kawai. Na ce ban yi wanka ba, ya ce zai dawo. Ya dawo, na ce ina azumi, kamar azumi ya hana hoto. Zuwansa na ƙarshe ina jin jan ƙafarsa na shige, na danna sakata, na leƙa ta tsakanin gilasan taga. Ya yi sallama, na ƙi amsawa. Ya daɗe a tsaye. Ban ji ƙarar komai ba, shi ya ƙara min haushi.

Bai ƙara fitowa lungu ba. Ƙafar ta kumbura, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi. Na kai masa koko da ƙosai, ya sha kaɗan, bai tada maganar hoto ba, ni ma ban tada ba. Kyamarar tana gefen matashinsa, na zauna ta inda ba ta kallona. Wata Alhamis da hantsi ya cika. Kafin la'asar maza sun ɗauke shi, makara tana goga bangon lungu saboda ƙunci. Na yi kuka na gaskiya, don uba ne a wurina. Amma ko a zaman makoki idona yana kan takalman baƙi.

Abdulaziz bai samu jana'iza ba, sai addu'ar arba'in. Da aka naɗe rumfuna, aka gama rabon masa, ya tara mu a tsakar gida, kyamarar a hannunsa.

"'Yan'uwana su na son a fasa ɗakuna a yi shago," ya ce. "Amma Baba ya aiko mana murya kafin ya rasu. Ya ce duk wanda muka ga fuskan shi a ƙofan shi cikin abin nan, shi ya ba shi ɗakin da bakin shi, kar a taɓa. Ɗakin da babu kowa a ƙofan shi, mu yi yadda muka ga dama."

Har yau ban ji muryar nan da kunnena ba, kuma ban san abin da suka ƙulla a Itali ba. Amma na matso kusa in gani.

Ya shiga latsawa. Tela ya fito da babbar rigarsa, aka yi dariya. Matar direba ta fito. Kowa ya fito. Na ƙarshe ƙofa ce shuɗiya a rufe, da baho a jingine.

"Wannan ɗakin wa?"

"Nawa ne," na ce.

"Ba kowa a nan, Mma."

Nurudeen ya miƙa hannu. "Kawo. Wannan ba waya ba ne, bari in buɗa shi mu ga ciki." Ya latsa, hoton ya girma, ya matsa da shi wajen taga, ya ƙara latsawa. A cikin baƙin da ke tsakanin gilasai biyu ga ido ɗaya, da gira a tamke, da tsagen da ke kuncina na hagu.

Abdulaziz ya dubi hoton, ya dubi fuskata, ya sake duban hoton. Kallon nan irin na ubansa ne sak.

"Ya isa," ya ce. "Ki zauna."

Na karɓi kyamarar, wai in tabbatar da kaina, don ban yarda da Nurudeen ba. Idon nawa ne, ba musu. A gilashin da ke ƙasa da shi kuwa inuwar Baba Sulemana ce ta fito, siriri, hannu ɗaya riƙe da kyamara a ƙirji, ɗayan ya tokare bango don kada ya faɗi. Na riƙe ta a haka har allon ya mutu da kansa.