Tuntuɓen Baƙar Akuya

Layin dogonmu mil bakwai ne da 'yan kai. Ya tashi daga bakin ramin kwal na Dok Marri, ya gangaro ta tsakanin jajayen duwatsu, ya ƙare a tashar Kot Wali, inda babban jirgin ƙasa ke zuwa ya kwashi abin da muka kawo. Siriri ne, faɗinsa bai kai tsawon sandar makiyayi ba. Turawa suka shimfiɗa shi tun kakana yana da ƙarfinsa, suka kawo masa kan jirgi ɗaya tak, baƙi, gajere, mai tari da safe. Ba mu taɓa kiransa da lambarsa ba. Baƙar Akuya muke ce masa, don yadda yake hawan dutse yana kuka.

Ni ne mai bin layi. Kullum bayan sallar asuba in saɓa guduma in taka mil bakwai ɗin, ina ƙwanƙwasa ƙarfe ina saurare. Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa kamar ƙararrawa, mai ciwo kuwa kamar ka buga tsohon kwano. Aji uku na yi a makaranta, sauran karatuna a kan dogo na yi shi. A mil na huɗu akwai wata bushiya da ta yi shekaru tana tsallaka layi a wuri guda, har na riƙa share mata tsakuwa.

Ranar da mahaifina Karam Din ya miƙa mini gudumarsa, ya kai ni mil na shida, inda layi ya karkata hagu a bayan wasu gidajen laka guda biyar, dab da gangaren ƙarshe. Ya nuna wata mahaɗar ƙarfe da ƙafa ya ce, "Fateh Din, ko'ina ka gyara, ban da nan."

Wurin ya nutse kamar faɗin yatsa biyu. Duk taragon da ya bi ta kai sai ya yi girgiza, duwatsun kwal su gangaro gefe. Tarago goma sha biyu, sau biyu a rana. Mutanenmu suna kiran wurin Tuntuɓe. Gidajen nan biyar na matan da rami ya cinye wa maza ne, kuma tun zamanin kakanni abin da ya faɗi a Tuntuɓe nasu ne. Ba a rubuta a ko'ina ba. Ko ɓarawon akuya ba ya taɓa kwal ɗin nan.

Babbarsu ita ce Masi Bhagan, wato Inna Bhagan. Rufin rami ya danne mijinta tana da goyo. Da kwal ɗin Tuntuɓe take hura tanderunta, ta gasa gurasa ga mahaƙan da suka baro iyalansu a nesa. Wutar nan ita ce gonarta, ita ce saniyarta. Bakinta kuwa ya fi tanderun zafi.

A wani lokacin sanyi kamfani ya turo sabon injiniya daga birnin Lahor, wanda muke ce wa Kuraishi Sahib don girmamawa, saurayi mai lema ko ba ruwa ba rana. Ya hau ƙaramin keken dogo, mutum biyu suna tura shi. Suna zuwa Tuntuɓe keken ya yi tsalle, hularsa ta faɗa cikin kwata. Ya sauko ya ɗora wani katakon auna daidaito mai ɗigon ruwa a ciki a kan ƙarfen, ya daɗe yana kallon ɗigon.

"Wa ke kula da nan?"

"Ni ne, Sahib."

"Shekara nawa?"

"Sha takwas."

"Shekara sha takwas ba ka ga wannan ba? Ka ɗago shi kafin Alhamis, ko ka ajiye guduma."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga idan na faɗa, na tona asirin mata biyar a gaban kamfani. Na ce, "To, Sahib."

Masi Bhagan tana bakin tanderu, ta ji komai. Da ya tafi ta ce, "To, ɗan Karam Din, za ka kashe mini wuta ke nan."

"Masi, ina da bakuna shida a gida."

"Ni kuma bakina ado ne? Ni na yi maka wanka kana jariri, kai da kunnuwan nan naka kamar faifai. Da na sani na bar ka a cikin baho."

Ta yi dariya, amma idonta yana kan ɗan tulin kwal da ke kusurwa. Ba zai wuce kwana biyu ba.

Ranar Laraba da la'asar, bayan jirgi na biyu ya wuce, na ɗago ƙarfen na cusa tsakuwa a ƙarƙashinsa na daddanne. Na buga guduma, ya amsa kamar ƙararrawa. Ban taɓa jin sautin da ya fi wannan muni ba. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, na bi ta bayan gari na tafi gida.

Abin da ban tuna ba shi ne direbanmu, Ustad Sher Baz, wato Gwani Sher Baz. Shekara ashirin da shida yana jan Baƙar Akuya, lofe a baki, ido rabi a rufe. Ba ya kallon hanya. Yakan ce Akuya ce ke gaya masa inda suke ta tafin ƙafarsa. Da zarar ya ji girgizar Tuntuɓe sai ya rufe tururi, ya busa sau biyu, masu birki su murɗa. Haka kullum, har jikinsa ya daina tambayar kansa.

Safiyar Alhamis farin hazo ya cika kwarin, irin mai jiƙa gashin baki. Ina mil na shida na ji Akuya ta taho tana tari. Ta wuce ni lami lafiya, sumul, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Na jira busa biyu. Shiru. Ustad yana can yana jiran tuntuɓensa, a ganinsa bai iso ba tukuna.

Na jefar da guduma na bi ta da gudu ina ihu. Ina! Ta shiga gangare, ta wuce tashar Kot Wali kamar ba ta san kowa a can ba, ta je ta tsoma hanci cikin tulin yashin da ke ƙarshen layi. Tarago biyu suka kwanta a gonar albasar mai tasha. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Na tarar da Ustad zaune a kan yashi, lofensa cike da ƙasa, wata ɓaunar gida tana tsaye tana kallonsa.

Yana ganina ya ce, "Kai, mai kunnen faifai! Wane ɗan banza ne ya sace mini tuntuɓena?"

Kuraishi Sahib ya iso, lema a hannu, fuska kamar gobara.

"Ustad, barci kake yi?"

"Sahib, idona biyu. Hanyar ce aka yi wa kaciya ba a gaya mini ba."

"Zan kafa maka allo a wurin."

"A hazon nan? Ni da ko hancina ba na gani?"

"To fitila."

"Wa zai hau dutse kullum ya zuba mata mai? Kai?"

Mahaƙa suka sauko da shebur da igiyoyi. Tun hantsi muke tono muna ja, har injiniyan ya ajiye lema ya kama igiya. Rana ta take tsaka, ba wanda ya sa komai a ciki, sai ga Masi Bhagan da sauran matan huɗu, kowace da kwando a ka. Gurasa ce mai zafi, da albasa, da tukunyar wake. Ta ƙone kwal ɗinta duka a safiya ɗaya.

Ta miƙa wa injiniyan guda biyu. "Ci, ɗana, ka rame kamar karan rake. Ci da kyau, don ita ce ta ƙarshe."

"Ta ƙarshe kamar yaya, Masi?"

"Tambayi katakonka mai ɗigon ruwa."

Bai gane ba, sai Ustad ya gaya masa komai, tun daga kakana har zuwa ranar da rufi ya danne mijinta. Abin da na ji tsoron faɗa, shi ya faɗe shi yana tauna albasa. Kuraishi Sahib ya tsaya da gurasa a hannu yana kallon matan nan biyar. Ya cinye ta farko. Ya cinye ta biyu. Sannan ya share hannu a wandonsa mai guga.

"Fateh Din, nawa ne zurfinsa?"

"Yatsa biyu, Sahib."

"Mayar da shi. Zan rubuta wa kamfani cewa alamar birki ce, kada kowa ya taɓa ta."

Masi Bhagan ta ce, "Yatsun wa za a gwada? Ban yarda da na injiniyan nan ba, kamar tsinken tsire. A gwada na Sher Baz."

Injiniyan ya juya baya yana duba lemarsa. Da yamma Ustad ya tsuguna a mil na shida ya sa yatsunsa biyu masu kauri kamar rogo, ni kuma na ƙwaƙule tsakuwa har suka shige. Washegari Akuya ta yi tuntuɓen da ba ta taɓa yin irinsa ba, Masi tana tsaye da kwando tana zagin masu birki don sun fantsama mata ƙura a wanki.

Shekara goma sha tara ta ƙara tana gasa gurasa, ta rasu tanderunta da ɗumi. Bayanta da kaɗan manyan motoci suka karɓe kwal, aka kwashe dogon aka sayar, Baƙar Akuya ma aka yanka ta gunduwa-gunduwa. Har yanzu nakan taka mil bakwai ɗin in ƙafa ta yarda, ba guduma. A mil na shida ƙasar ba ta cike ba. In an yi ruwa yakan taru a ɗan kwarin, tsuntsaye su sauko su sha, ni kuma in tsaya in jira su gama.