Awon da Ke Kan Tela

Shekara talatin da ɗaya tela yana ɗinki a bakin babban titi, bai taɓa rubuta awon kowa ba. Sau ɗaya zai ɗora maka tef a kafaɗa, shi ke nan ka zauna a kansa daram.

Sai ga shi bana ya yanka wa direba mai tumbi wando da awon wani siririn malamin makaranta. Aka sha dariya, shi ma ya dara. Da abin ya kai sau huɗu, 'yarsa ta daina dariya, ta ja shi asibiti yana ta mita.

Likita ta kunna allo ta nuna masa hoton cikin kansa, sannan ta tambayi inda yake aiki. 'Yar ta riga shi amsawa: motoci a gaba, janareta a bakin ƙofa, rufin kwano a sama, ga zafin da kowace shekara sai ya fi na bara.

"Baba, hayaƙin nan akwai ɓurɓushin da ido ba ya gani," in ji likita. "Ta hanci yake shiga, yana iya kaiwa har nan. Zafi kuma ya hana ka barcin kirki. Ban ce su kaɗai ba ne, amma da hannunsu."

Rabin maganar tela ya ji. Ya gyara tabarau ya matso kusa da allon. Ninki kan ninki, tattara kan tattara, ba bakin zare, ba inda aka haɗa.

"Likita, duk mutanen nan a ciki suke? Da kafaɗunsu da tsawon hannunsu?"

"Suna ciki, Baba."

"Ikon Allah! Keken ɗinki nake lulluɓewa kullum kada ya yi datti, wannan kuwa na bar shi a hayaƙi."

Washegari aka mayar da keken bayan gida, ƙarƙashin bishiya. Ya miƙa wa 'yarsa biro da takarda.

"Zauna ki rubuta tun suna nan."

"Da wa za mu fara?"

"Da mahaifiyarki."

Shekara tara ke nan da rasuwarta. Ya rufe ido, tsoro ya kama shi, don lambar ba ta zo ba. Hannuwansa ne suka ɗaga, suka buɗe daidai faɗin kafaɗarta.

"Maza ɗauko tef," ya ce. "Auna tsakaninsu kafin in motsa."