Ƙasusuwan Malam

…kuma sun sake saka maka hula. Hular leda, ta wanka, a kan kai irin naka. Bari in cire. A'a, kada in jawo ka mu faɗi tare, tsoho da ƙwarangwal, a rasa wanda za a fara ɗagawa.

Dogo ɗalibai suke ce maka yanzu, Malam, ka sani? Na tambayi wata mai farar riga a bakin ƙofa ko ta san ƙasusuwan wa take ƙirgawa kullum. Ta ce, "Baba, ai na roba ne, ko?" Roba… Kai, likitan da ya haɗiye sabon maganin zazzaɓi kafin a ba yaro ko ɗaya, ya yi kwanaki yana amai a bokiti, ni ɗalibinsa ina riƙe da tsintsiyar hannunsa, ina ƙirga bugun jini, ina rubutawa da rubutun da Sistar makarantar mishan ta koya mini da bakin rula. Ga hannun nan. Ga inda ya taɓa karyewa ya ɗoru a karkace. Yaran da suka rayu har sun ga jikoki, wa ya sani ko yarinyar ma tsatsonsu ce. Ba laifinta ba ne.

'Yata Auta na cikin mota tana jira. Na ce mata yanzu zan fito.

Kai ka ce, ranar da numfashi ya fara yi maka gardama, jikin likita ba nasa ba ne, in ya gama da shi ya bar wa masu koyo. "Ni na yi gaba, kai ka biyo." Na ce to. Me zan ce? Ban taɓa ce maka a'a ba, ko a kan wankin kwalba. Alkawari kaya ne, na ɗauke shi tun gashina na baƙi — yanzu zuciyar tana tsallake bugu, na san sunan ciwon, ni na koyar da shi a wannan ɗakin, a wannan allon… sun canza allon. Yau shugaban sashe ke jiran amsata kan ba su gawata, eh ko a'a. Ya ce gawa ta yi musu ƙaranci, ɗalibai cunkus a kan guda ɗaya, na baya ba ya ganin komai.

Ƙura a haƙarƙarinka. Wa ke gogewa? Wayar muƙamuƙin ma ta yi tsatsa.

Auta ba ta yi kuka ba da na faɗa mata, gara ma a ce ta yi. Wanke-wanke take, ta ba ni baya. "Baba, in kewarka ta taso mini, ina zan je? Aji?" Gefen kabarin uwarta akwai fili, ita ke cire ciyawarsa, na ɗauka tsafta ce kawai.

Kai ba ka bar ɗa ba, Malam. Ni ka bari. Shekara nawa ina zuwa nan, in ce kayan aiki na zo dubawa, in ja kujera, in yi ta zuba kai kana ji — ashe ziyara nake yi. Ni ina da mabuɗi. Ita fa? Mai gadi ma katin ɗalibi zai tambaye ta.

An kaɗa ƙararrawa. Takalma a matakala, dariya, ga su nan tafe. Ofishin shugaban yana hagu, motar tana dama. Bari in ɗan ƙara zama tukuna. Kaɗan kawai…