Ƙafar Kwesi Tela

Shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas, Kwesi tela ya dawo unguwarmu Gumbihini da riga ɗaya, keken ɗinkinsa ya salwanta a kan iyaka. Shi da matarsa Joana suna haya a gidana. Wata uku bawan Allah na kwance bai ce uffan ba, kokon masarar agaji ma sai Joana ta ɗura masa. Ni Lariba ba na rufa-rufa, na ce mata in bai tashi ba, damina ba za ta same shi ba.

Sai ta kawo Ticha William, tsohon malamin makaranta da cocinsu ya hana wa'azi. Ya karanta labarin Annabi Ezekiyel, wanda ya ga kwari cike da busassun ƙasusuwa, suka harhaɗu suka tashi da rai.

"Kwarin nan ba a wata ƙasa yake ba!" in ji Ticha, yana dafa ƙirjin Kwesi. "Ga shi nan! Annabin kuwa idon zuciyarka ne. Rufe ido. Kekenka na gabanka. Taka!"

Na ce, "Haba Ticha! Mutum na mutuwa kana wasan yara?"

Ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa ya kama ƙafar Kwesi yana motsa ta sama da ƙasa. "Ga allura ta koma wurinta. Ga bel ɗin keken ya hau. Wane yadi ne a hannunka?"

Kwana huɗu ana haka, ina shara ina tsaki, amma ban daina leƙe ba.

Rana ta biyar Ticha ya saki ƙafar don ya share gumi. Wallahi ƙafar ba ta tsaya ba! Hannuwan Kwesi suka miƙe suna tura yadin da babu shi. Joana ta cafke hannuna har na ji zafi. Can Kwesi ya tsaya cak, ya yamutsa fuska.

"Joana," ya ce da dusasshiyar murya, "zaren ƙasan keken ya ƙare."

Na rangaɗa guɗa, Ticha na tsalle yana kuka. Kwesi ya buɗe ido, ya ƙura wa rigata ido.

"Mma, wa ya yi miki wannan ɗinkin banza? Kawo allura."

Ni na ɗinka ta da hannuna, amma ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar nan ba.