Kayan Ɗakin Widad

Hajiya Safara'u na tsugune a garejin da ta kama haya a bayan layinsu na unguwar Longsight a Ingila, tana awon faɗin gado, lokacin da 'yarta Widad ta kira ta karo na uku. Dillalin gidaje na can tsibirin Mauritius, in ji Widad, ya ce ƙarfe biyu na ranar nan, agogon Ingila, zai rufe magana. Gida biyu ne suka rage kusa da asibitin da angonta Abdurrahim zai yi aiki, ɗaya furnished, ɗaya kuma wayam, ko tsinke babu.

Hajiya ta ce a yi mata bayanin furnished ɗin nan dalla-dalla. Widad ta lissafa gado, katifa, kujeru, labule, firij, har cokula.

"Katifar wa?"

"Ta mai gidan, Mama."

Hajiya ta zauna a kan kwalin tukwane. Wato amarya za ta tare ta tarar wani ƙato da ba a san asalinsa ba ya riga ya yi mata jere. Ita kuma fa? Shekara shida ke nan, tun rasuwar baban Widad, take tara kayan nan ɗaya bayan ɗaya, da aikin jinya da tsayuwar da ta kumbura mata ƙafa: gado, sif, kujerun fata, madubi, kuloli. Burinta ɗaya ne, kada wani ya buɗe baki ya ce an kai marainiya ɗaki hannu biyu. Ga biki saura sati uku.

Ta tambayi Widad wanne take so. Widad ta ce duk wanda Mama ta ce. Ta kira Abdurrahim, ya yi minti biyu yana gaisuwa, sannan shi ma ya ce duk wanda Mama ta ce. 'Ya'yan zamani ke nan, a kan kalar katin biki sai su yi kwana uku suna musu, amma babbar magana ta zo kowa ya zama salihi.

Irin wannan ba a yin ta a waya. Ta ja mayafi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, daga tasha ta shiga bas ɗin Small Heath, gidan Hajiya Rabi'a, mahaifiyar ango. A hanya ta yanke shawara sau huɗu, ta warware sau huɗu.

Hajiya Rabi'a ta tare ta da shayi da dambun nama, aka yi gaisuwa har ta ƙare aka sake ɗauko ta daga farko. Da aka zo kan magana, Rabi'a ta ce ai su nasu ba da gida ne, abin da ke cikin ɗaki hurumin iyayen amarya ne, ba za ta sa baki ba. Safara'u ta ce ai gidan ne ya zo da kayansa a ciki, to hurumin wa ke nan? Rabi'a ta ce wallahi ita ma abin da ya hana ta sukuni ke nan. In aka ɗauki mai kaya, dangi a Kano za su ce sun raina kayan amarya. In aka ɗauki wayam, za a ce sun ɗora wa uwar marainiya jigilar gado a teku. Sai ta ce Hajiya ta zaɓa. Safara'u ta ce a'a, Hajiya dai ta zaɓa. Haka suka yi ta miƙa wa juna kamar ƙoƙon ruwan zafi, agogo kuwa na tafiya.

Wajen sha biyu da rabi Abdurrahim ya shigo, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Da uwarsa ta matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, sai ya miƙo wayarsa da hannu biyu, kansa a ƙasa. Hotuna ne wani abokin aikinsa da ya shekara a tsibirin ya turo. Kujerar fata ta yi fumfuna kore shar. Ƙofar sif ta kumbura ta ƙi rufuwa. Ya ce wai iskar can jiƙe take da gishirin teku, kayan da aka yi don sanyin Ingila ba sa kai shekara. Kuma kwantena daga nan sai ta yi wata uku a ruwa, in an yi sa'a.

"To kana nufin kada in kai kayan?"

"A'a Mama, ba haka nake nufi ba."

"To in kai?"

"Duk yadda kika gani, Mama."

Safara'u ta dube shi, ta dubi hoton kujerar. Kalarta ɗaya da tata, har ɗinkin hannun. Kanta ya ɗaure tamau. In ta kai kayan sun ruɓe, in ba ta kai ba me ta yi wa yarinyar? Kuma su wa za su yi jeren ma, wace gwaggo ce za ta yi awa goma sha biyu a jirgi don ta ɗaura labule?

Ta nemi wurin alwala. Bayan ta idar da azahar ta daɗe a kan darduma, ta rasa ma me za ta roƙa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, wata ukun nan. Wata uku 'yarta na baƙuwar ƙasa, babu gado, babu kujerar da baƙo zai zauna, don kawai a ce uwarta ta yi bajinta. Ta ɗauki waya ta kira Widad, biyu saura kwata.

"Widad, ku ɗauki mai kayan. Nawa su zauna a gareji, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Sai muryar Widad ta zo a hankali.

"Mama, na riga na sa hannu a wayam ɗin, tun kina cikin train. Na san shi kike so, ba za ki faɗa ba ne kawai."

"Ke da wa kika yi shawara? A kira mutumin a canza."

Widad ta ce an riga an ba wasu ɗayan. Ta ce kada Mama ta damu, yanzu ma daga kanti take, ta sayo katifar iska, irin wadda ake hurawa, tana shiga akwati tsaf. Wata uku ne kawai, kafin a ankara ya wuce. Tana maganar tana dariya, da gaske murna take yi ta faranta wa uwarta.

Safara'u ta sauke wayar a cinya. Hajiya Rabi'a ta leƙo da tiren abinci a hannu, ta tambaya wanne aka ɗauka.

"Wanda nake so," in ji Safara'u, sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuskarta.