Aron Rariya

Regina ta sauka daga jirgin Zariya da rikoda a ƙarƙashin hammata, tana tafiya kamar ita ta gina tashar Kafanchan. Ɗaliba ce a jami'a, tana bincike kan yadda mata ke ba 'yan mata shawara, Kirista da Musulmi. Malaminta ya ce in ta dawo hannu rabbana, sai ta sake wani batun daga farko, shekarar ta tafi a banza ke nan.

Don gudun ɓacin rai, ta raba taron da za ta yi da matan gida biyu, na Kirista daban, na Musulmi daban. Ta fara da matan Zumunta a coci, ta tambaye su wa 'yan matansu ke kai wa kuka.

"Yaranmu suna addu'a," in ji matar fasto. Sauran suka ce amin, suka rera mata waƙa har kaset ya ƙare.

Washegari ta je gidan Binta mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarsu, inda matan Musulmi suka taru.

"Namu akwai kunya, ba su da wata damuwa," suka ce. Aka cika ta da fura, aka tambaye ta yaushe aure.

Ta koma gida ranta a jagule, ta zauna a bakin ƙofa tana sauraren kaset biyu da babu komai a ciki sai waƙa da ƙarar ludayi. Har hawaye ya zo mata. Uwarta, Mama Hellen, tana tsince acca, ko kallonta ba ta yi ba.

Sai ga wata budurwa da mayafi ta yi sallama, wai an aiko ta aron rariya. Mama ta ja ta bayan madafa. Shiru, shiru, har accar ta sha iska. Da yarinyar ta fito idonta ya yi ja amma tana murmushi, ta tafi abinta ba rariya.

"Mama, wannan wane irin aro ne?"

"Yarinyan Binta ne," in ji Mama. "In ya faɗa ma mamansa, kunya. In ya faɗa ma matan layinsu, gobe maganan yana gidan suna. Ni kuwa wa zan gaya ma? Ba na shiga taronsu."

"To namu na coci fa?"

"Su je wurin matan Zumunta, pasto ya ji kafin Sande? Wurin Binta suke zuwa. Ke kin raba mu kaman wake da shinkafa, kin tambayi kowa a kan yaransa. Da kin tambaye mu yaran juna."

Regina ta daka tsalle, ta rarumo rikoda. Mama ta ɗaga mata hannu: za ta faɗi yadda ake yi, amma asirin yarinya ko ɗaya ba zai shiga akwatin nan ba. Regina ta yarda da sauri.

Tana saka sabon kaset sai hannunta ya tsaya. Ta tuna shekarar da ta faɗi jarrabawa, ta ƙi cin abinci, ta ƙi magana da kowa. Kullum da yamma sai a aike ta gidan Binta, ta zauna gefen kasko ta yi ta zuba wa Binta damuwarta, tana ganin dabararta ce, ba wanda ya sani.

"Mama, ƙuli-ƙulin nan da kike aike na saye kullum..."

Mama ta ci gaba da tsince accarta.

"Wa ke cin ƙuli-ƙuli a gidan nan? Kaji muka dinga ba."