Rantsuwar Festy a Kan Filin Lavelle

Ni na rubuta katunan nan da hannuna, guda arba'in da ɗaya, saboda haka kada wani ya ɗora wa Festy laifin shi kaɗai. Nasa sa hannu ne kawai a ƙasa, da rubutun nan nasa kamar kaza ta yi tono.

Festy ƙanena ne. Shekararsa sittin da takwas, bai taɓa aure ba, kuma in ka cire coci da kasuwar shanu ba na jin akwai inda ƙafarsa ta sani. Gonar da mahaifinmu ya bar masa eka goma sha ɗaya ce, rabi dutse rabi laka. Abin da ya riƙe shi duk shekarun nan shi ne filin Lavelle da ke maƙwabtaka da ita: eka tara masu gangarowa zuwa bakin teku, ciyawa mai kyau, ga maɓuɓɓugar ruwa da ba ta ƙafewa. A can shanunsa goma sha huɗu suke kiwo, a can yake yankan ciyawar da zai ba su lokacin sanyi.

Filin na Martin Lavelle ne, abokinsa tun suna yara. Ranar da Martin zai tafi Amurka neman aiki ya miƙa wa Festy mabuɗin gidansu ya ce, “Ka kula mini da wurin har in dawo.” Haka ake yi a yankinmu na Mayo, inda gida ɗaya cikin uku a rufe yake. Wanda ya tafi ya bar wa maƙwabci mabuɗi, maƙwabci ya riƙa hura wuta a murhu sau ɗaya a mako don kada laima ta cinye bango, ya shafa farar ƙasa duk bazara, ya gyara katangar duwatsu in ta zube. Wasu sukan yi shekara biyu su gaji. Festy bai gaji ba.

Duk makon farko na Disamba sai ya shigo kicin ɗina da katin Kirsimeti a aljihu, ya zauna bai cire hula ba, ya ce, “Attracta, ɗauko biro.” Maganar kullum ɗaya ce: ana gaisuwa, an yi ruwa da yawa bana, wane da wane sun rasu, filinka yana nan lafiya ina kula maka da shi. Da fari Martin yakan amsa. Daga baya amsa ta ɗauke, amma kati bai fasa tafiya ba.

Shekara biyu da suka wuce muka ji Martin ya rasu. Da bazarar nan wasiƙa ta zo daga lauyan jikarsa: za a sayar da filin ga wani mai gina gidajen hutu, Festy ya kwashe shanunsa kafin ƙarshen Oktoba. Ya kawo mini ita na karanta masa sau biyu. Sai juya hularsa yake a gwiwa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ba ta san ko filin gabas yake kallo ko yamma ba!

Na ja shi zuwa garin Ballina wurin Mista Hession, lauyan da ya yi mana aikin gado lokacin da mijina ya rasu. Ya saurare mu, ya ce akwai hanya. Wanda ya riƙe fili shekara goma sha biyu a fili ƙarara, kamar nasa, ba tare da ya amsa cewa na wani ne ba, doka tana iya mallaka masa. Abin da ake buƙata takardar rantsuwa ce.

“Ka taɓa biyan haya?” in ji shi.

“Haya kuma? Martin ne fa.”

“Akwai wata yarjejeniya a rubuce?”

“Babu.”

“Ka taɓa rubuta masa wani abu da ke nuna filin nasa ne?”

Festy ya buɗe baki. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, takawa mai kyau. “Wa, Festy?” na ce ina dariya. “Mista Hession, mutumin nan ko sunan saniya ka ce ya rubuta sai gobe.” Lauya ya yi murmushi ya ci gaba da rubutunsa.

Bayan mako biyu takarda ta fito, shafi uku, sakin layi goma sha ɗaya. Na kai ta gida na karanta ni kaɗai. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, katanga da magudanar ruwa da shekarun da aka yi, in ban da sakin layi na bakwai. Shi ne ya ce mai rantsuwa bai taɓa amsa wa kowa ba, da baki ko a rubuce, cewa filin yana da wani mai shi. Da Festy ya tambaye ni abin da ke ciki na ce masa tarihin wahalarsa ne kawai. Na san ƙanena. Karatu yana ba shi ciwon kai, abin da na ce ya sa wa hannu sa wa yake yi.

Ranar Alhamis da za mu je rantsuwa ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza. A mota ya yi ta kallon taga, can ya ce, “Zancen katunan nan fa?”

“Wane kati? Gaisuwar Kirsimeti ce, kowa yana yi.”

“Kin taka mini ƙafa.”

“Da na bar ka sai ka ba shi labarin duniya tun daga ranar da aka haife ka. Festy, ka saurare ni. Martin yana kabari. In filin nan ya tafi, shanu sun tafi, kai kuma ka zauna kana ƙirga kwanakin mutuwa. Ka sa hannu mu dawo gida.”

“Ke dai bakinki ya fi motar nan gudu,” ya ce, ya koma kallon taga.

Lauyan da ya shirya takarda ba shi ke rantsar da mutum ba, sai an tsallaka titi zuwa wurin wani. Muka hau bene zuwa ofishin Mista Ruane, kwamishinan rantsuwa, dattijo mai sanƙo wanda ya san mu tun muna sayar da ƙwai a kasuwar Asabar. Ofishin yana warin tsohuwar takarda da hitar ɗumama ɗaki.

“A'a, Festy Durkan a birni! Wa ya mutu?”

“Ba kowa tukuna, Mista Ruane.”

“To madalla. Yaya jar saniyar nan mai harbi?”

“Tana nan, tana gaishe ka.”

Suka yi dariya, hankalina ya ɗan kwanta. Mista Ruane ya ɗauko hatiminsa, ya jawo ƙaramin Sabon Alkawari mai baƙin bango daga aljihun tebur, ya tura wa Festy takardar. “Ka karanta ta dai ko? Ka san abin da ke ciki?”

Festy ya tsura wa shafin ido. A nan na yi wautar da zan mutu da ita. Don in gaggauta abin sai na ce, “Ai karatu ba ya yi masa sauƙi, Mista Ruane, ni na duba masa. Nuna masa wurin sa hannu kawai.”

Dattijon ya ajiye biro. “To ai shi ke nan, Misis Attracta. In mai rantsuwa ba ya iya karantawa da kansa, dole in karanta masa duka da babbar murya, in kuma rubuta a ƙasa cewa na karanta ya gane. Ƙa'ida ce.”

“Ba sai ka wahala ba, muna sauri ne.”

“Minti biyar ne. Zauna.”

Na zauna. Ya gyara tabarau ya fara. Ni, Festus Durkan, manomi, ina rantsuwa ina cewa. Festy yana gyaɗa kai a kowane sakin layi. Da aka zo kan katangar da ya sake ginawa bayan guguwa har ya ƙara da cewa yadi casa'in ce, ba tamanin ba, Mista Ruane ya gyara da biro suka sa alama a gefe. Sannan aka iso na bakwai.

“Sake karanta wannan,” in ji Festy.

Aka sake.

“Da baki ko a rubuce,” Festy ya maimaita.

“Haka aka rubuta.” Mista Ruane ya ƙarasa sauran, ya miƙa masa Littafin. “Riƙe da hannun dama, ka ɗaga. Ka rantse da Allah Maɗaukaki cewa wannan sunanka ne da sa hannunka, kuma abin da ke cikin takardar nan gaskiya ne.”

Festy ya karɓa. Na ga Littafin ya ɓace a cikin ƙaton hannunsa mai faso. Ya ɗaga shi zuwa ƙirji, bai wuce nan ba. Ni kuwa addu'a nake a zuci, ina roƙon Allah ya ba ƙanena ƙarfin yin ƙarya da sunansa, kuma ko kunya ban ji ba.

Ya ajiye Littafin a tebur a hankali. “Ba zan iya ba. Ina rubuta masa duk shekara.”

“Festy!”

“Ke kika rubuta, Attracta. Filinka yana nan lafiya. Ko ba haka muke cewa ba?”

“Gaisuwa ce! Mista Ruane, gaisuwa ce kawai, ka gaya masa!”

Mista Ruane ya cire tabarau ya murza ido. “Ni ba lauyanku ba ne, ba zan ba da shawara ba. Amma ba na buga hatimi a kan abin da mai shi ya ce ba haka ba ne. Ku koma wurin Hession.” Ya mai da Littafin aljihun tebur. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Festy.

Mista Hession bai ɓata lokaci ba. Kowane kati da Festy ya sa wa hannu, in ji shi, yakan mai da lissafin shekarun nan goma sha biyu zuwa farko. Shekara arba'in da ɗaya ana gini ana rushewa duk Disamba. Ya dube ni ta saman tabarau, kallon da na cancanta, ya rufe fayil ɗin.

A hanyar gida na zage shi tas. Na ce masa wawa, na ce waliyyin shanu, na ce ya je ya ci gaskiyarsa lokacin sanyi in ciyawa ta ƙare. Ya bari har na gama. “Amana ya ba ni,” ya ce. “Bai ce ya ba ni filin ba.”

An sayar da shanu goma sha ɗaya a kasuwar Oktoba, har da jar nan mai harbi. Uku suka rage, su ma da ƙyar gonarsa za ta ɗauke su. Bai tsaya ganin an loda su ba.

Jikar Martin ta zo da kanta a watan Nuwamba don kammala ciniki. Kaitlyn sunanta, doguwa mai fara'a, kuma abin haushi ba ta da mugunta ko kaɗan. Na same ta a bakin filin tana ɗaukar hoton teku. Na ce mata tun da komai ya ƙare, ko za ta mayar mana da katunan, ko don tunawa.

“Wane kati?” ta ce.

Na yi mata bayani. Ta dafe ƙirji. Kakanta, in ji ta, ya yi kusan shekara ashirin hankalinsa ya gushe, a gidan kula da tsofaffi ya ƙarasa, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Duk wasiƙar da ta zo daga nan mahaifiyarta takan ɗauka ta neman taimakon coci ce, ta jefa a shara ba ta buɗe ba. Katunan farko kuwa sun ɓace tun da aka sayar da gidansa na can. Ko ɗaya bai rage ba a duniya.

Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya faɗi haka bai zo Mayo ba. Na tafi kai tsaye gidan Festy da zafina, na same shi yana gyaran bokiti, na juye masa labarin duka. Na ce da ya rantse babu mahalukin da zai sani. Na so ya ji ciwo, kuma ya ji, amma ba inda na nufa ba.

“Shekara ashirin,” ya ce. “Ashe bai ma san Bridie ta rasu ba.” Bridie ƙanwar Martin ce. Ya ci gaba da ƙwanƙwasa bokitin.

Yanzu an zagaye filin da waya, an kafa allo mai hoton gidaje shida. Festy ya rame. Da safe yakan kai shanunsa uku bakin wayar saboda can suka saba nufa, su tsaya tare suna kallon ciyawa.

Ranar uku ga Disamba ya shigo kicin ɗina, ya zauna bai cire hula ba. Na ɗora shayi. Sai na ga ya zaro kati daga aljihu ya ajiye a tebur.

“Festy, wa za a aika wa?”

“Ɗauko biro.”

Na ɗauko. Ban da ƙarfin faɗa kuma.

“Ki ce ana gaisuwa. Ki ce an yi ruwa da yawa bana.” Ya tsaya, ya daɗe yana kallon murhu. “Ki ce masa wurin ya fita hannuna. Ya yafe mini.”

Na rubuta, hawaye suna ɓata tawadar. Ya jawo katin ya sa hannu, harafi ɗaya bayan ɗaya, ya bar mini shi a kan tebur ya fita ba shanu ruwa.